Kuloci a Hagu, Totur a Dama

Da zarar an gama girbi, an kai masara da waken suya kasuwa, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu, filayen ƙwallo na makarantun firamare a ƙasar Gwarzo da Kabo sukan sami aiki na biyu. Bayan la'asar, kafin 'yan ƙwallo su hallara, sai a ga babur ɗaya da mutum biyu, ɗaya a kai jikinsa na ɓari, ɗaya a ƙasa yana ta da jijiyar wuya. Makarantar koyon babur ke nan a wannan yanki. Ba allo, ba rajista, ba ranar yaye ɗalibai. Takardar shaidar ma a jiki ake bugawa, wato tabon ƙunar salansa a sha-raɓar ƙafar dama, wanda kusan kowane tsohon mahayi zai iya ɗage wando ya nuna.

Ba don nishaɗi ake wannan wahala ba. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo bayan kimanin kilomita 70, sannan ya miƙe Dayi a Jihar Katsina. Da an sauka daga kwalta kuwa, sai burji da rairayi da hanyar shanu, kuma a nan babur ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne a-kori-kura. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a cikin birnin Kano da kewaye, sai sana'ar ta ƙara tarewa a karkara. Saurayin Getso ko Garo da bai iya babur ba, yau sai dai ya zama ɗan goyo.

A Ingila, tun 1990 doka ta wajabta wa ɗan koyo wani horo na farko kafin ya ɗora taya a kan titi. Za a sa shi ya karanta lambar mota daga nisan mita 20 don a gwada idonsa, a duba tufafinsa da hularsa, a sa shi ya yi ta zana lamba takwas da babur a fili, ya koyi juyawa da tsayawar gaggawa, sannan malami ya bi shi a titi aƙalla awa biyu yana yi masa magana ta rediyo a kunne. Duk da haka abin da zai samu izini ne na shekara biyu, a kan babur da bai wuce cc 125 ba, kuma ba goyo. A filin firamare, duk wannan manhaja an dunƙule ta cikin jimla ɗaya: "Saki kuloci a hankali, ka ba shi wuta kaɗan." Sauran kuma halin ɗalibi ne ke cikewa, kuma babur ba ya rufa wa kowa asiri.

Na farkon zuwa shi ne gwanin keke. Ya shekara ashirin a kan Raleigh ko Phoenix, yana iya sakin hannu biyu ya gyara hula, saboda haka yana zuwa yake sanar da jama'a cewa babur keke ne da aka sa wa inji. Abin da bai sani ba, babur ya raba wa gaɓoɓi huɗu aiki huɗu: hannun hagu kuloci, hannun dama totur da birkin gaba, ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. A keke kuwa duk abin da hannu ya matse birki ne. Don haka da ya hango katanga sai ya damƙe kuloci da ƙarfinsa, injin ya yi ƙara, babur ya ci gaba da gangarawa abinsa. Daga nan sai ya koma ga birkin da ya gada, ya sauke ƙafa biyu yana sharar ƙasa. Silifas ɗinsa yara ne ke tsinto masa, ɗaya nan ɗaya can.

Kishiyarsa shi ne malamin makaranta, ko ma'aikacin sakatariya, da ya sayi sabon Bajaj Boxer da bashin albashi. Wata uku da saye, ledar kujera na nan ba a ɓare ba. Ya karanta littafin dokokin hanya, ya zo da hular kwano a ɗaure har haɓa, ga takalmi sau-ciki, ga biro a aljihu. Shi kaɗai ne a duk filin ya yi shirin da ya kamata, kuma shi kaɗai ake yi wa dariya saboda shirin. Matsalarsa tambaya. Yana son a faɗa masa santimita nawa zai saki kuloci, da kuma dalilin da ya sa injin ke mutuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: akwai ɗan wurin da kuloci ke fara kamawa, in aka wuce shi da sauri ba tare da wuta ba, nauyin babur ya fi ƙarfin injin sai ya shaƙe. Amma mai koya masa bai taɓa faɗin wannan da baki ba, a yatsu yake jin abin, sai ya ce, "Malam, ai ji ake yi." Malam ya buga kik, ya mutu, ya sake bugawa, ya mutu, har gumi ya cika hular. Ranar da ya samu ya tashi kuwa, a giya ta ɗaya yake zagaye gari, siginarsa ta hagu na ƙyaftawa tun daga ƙofar gida har ofis.

Akwai dattijo mai koyon asuba. Girma ya hana shi faɗuwa a gaban yara, don haka da an idar da salla yake jan ɗansa su nufi filin idi, inda ba mai ganinsu sai Allah sai masu tafiya gona. Koyarwar nan ta fi kowacce wuya, domin ɗa ba ya yi wa uba tsawa. Babur na nufar darni, yaro na biye da gudu yana cewa, "Baba, a taka birki. Baba, don Allah a taka birki." Baba kuwa amsa ɗaya gare shi: "Kai, tun ba a haife ka ba nake hawan Vespa." Gaskiya ya faɗa, kuma nan gizo ke saƙar, don giyar Vespa a hannun hagu take, murɗawa ake yi, shi ya sa yake ta murɗa robar hannun Boxer yana mamakin abin da ya hana ta shiga. Sai kuma batun babbar riga. In ba a naɗe ta an zauna a kai ba, gefenta yakan leƙa cikin sarƙa ko tayar baya, kuma wannan ba abin dariya ba ne, domin haka zanen mata da dogon hijabi ke fizgo mutane daga kan babur. Idan Baba ya faɗi, labarin da za a kai gida shi ne babur ɗin ne ke da matsala.

Yaron wanki ba a koya masa, sata yake yi. An ba shi babur ɗin yayansa ya wanke, kullum yana ɗan ƙara nisan wurin wankin. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai ya zame gefe guda ya dogara da babban yatsa, ko ya nemi dutse ya tsaya a jikinsa. Doka ta ce sai shekara 18 ake ba da lasisi, shi kuwa yana sha biyu ake aikensa kai niƙa. Abin takaici, ya fi duk manyan nan saurin iyawa, kuma abin da ya sa ya fi su, wato rashin tsoro, shi ne abin da ke kai irinsa hannun mai ɗori.

Sai mutumin darbejiya. Fili fetal, bishiya ɗaya tak a gefe, kuma ita zai je ya runguma. 'Yan kallo kan ce bishiyar ce ke kiransa, har a fara zancen iskokai. Alhali babur inda ido ya kafe nan yake zuwa. Mutum ya tsorata da abu, ya zuba masa ido, kafaɗa ta bi ido, hannu ya bi kafaɗa. Ga kuma tarkon totur: babur na zabura, jiki ya koma baya, hannun dama ya ƙara murɗawa ba da niyya ba, sai mai neman tsayawa ya zama mai ƙara wuta. Maganin a kalli inda ake son zuwa, a kuma sassauta riƙo, amma faɗa ya fi yi sauƙi ga wanda ke jin iska na kaɗa kunnensa karon farko.

Wanda ya fi ba da tsoro shi ne mai gaggawar acaba. Wani mai hali ya ba shi babur a kan zai riƙa kawo balas kullum, ko kuwa ɗan siyasa ya raba tallafi rabonsa ya faɗo. Kowace rana ta koyo asara ce a lissafinsa, musamman tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Kwalba ɗaya yake saya wurin 'yan bumburutu, inda ta ƙare nan darasi ya ƙare. Yau ya koyi tashi, gobe ya koyi sa giya, jibi yana bakin tasha yana kiran fasinja. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi a kan hanya yake fafe nasa. Ranar kasuwar Getso za a ɗaura masa buhun masara a baya, tsohuwa a kan buhun, akuya a kan tanki, kuma a ranar zai gano cewa babur mai kaya ba ya tsayawa inda marar kaya ke tsayawa, kuma kansa yakan yi sako-sako in nauyi ya taru a baya. Fasinja mai wayo yakan gane shi tun daga yadda yake tashi, ya ce, "Ɗan'uwa, sauke ni nan, na tuna wani uzuri."

Ɗan gayu kuwa bai fara koyo ba sai da ya kai babur wurin bakanike aka kwance madubai biyu, wai na tsofaffi ne. An buɗe salansa don a ji zuwansa, an sassauta wayar birkin gaba don an ce shi ke kayar da mutum. A nan yana da 'yar gaskiya: a kan rairayi, ko cikin kwana, in aka damƙe birkin gaba tayar kan zame nan take. Amma a kan kwalta shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin ɗari kamar yadda masu koyarwa ke faɗa, kuma wanda ya kashe shi ya bar kansa da ragowar. Burinsa bai wuce ranar ɗaurin aure ba, a jera ana ɗaga tayar gaba ana kwanciya a kan kujera. Asibitin ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, ya san irinsa tun zamanin Jincheng mai hayaƙi.

Hular kwano ma ɗan gayu ba ya son jin sunanta, sai dai a wannan ba shi kaɗai ba ne. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairun 2009, 'yan acabar Kano sun shiga labaran duniya saboda wasunsu ƙwarya suka kifa a ka suka ɗaure da igiya. Wasu sun ce tsada, wasu zafi, fasinjoji suka ce ba za su sa abin da kan wani ya yi gumi a ciki ba, har aka yi ta raɗe-raɗin ana haɗa ta da asiri. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta sha faɗa a baya cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kashi 69. Ƙwarya ba ta cikin wannan lissafi.

Su ma malaman iri-iri ne. Akwai mai zama a baya ya zuro hannuwa ta ƙarƙashin hammatar ɗalibi, a ƙarshe shi ke tuƙin, ɗalibi na ɗaukar yabo. Akwai mai zama a inuwa yana cin rake, koyarwarsa duka "Ba shi wuta!" ce. Akwai mai babur ɗin aro, wanda in an faɗi yakan fara ɗaga babur ya duba fitila da tanki kafin ya waiwayo ya ce sannu. Bayansu ga majalisar 'yan kallo, kowa da fatawarsa, har da waɗanda ba su taɓa buga kik ba. Mata ba sa cikin ɗaliban filin nan, ko da yake a Maradi da Yamai mace a kan babur ɗinta ba abin waiwaye ba ne.

Na ƙarshe, kuma mafi ƙaranci, shi ne mai neman lasisi. Babur na da ajinsa a tsarin lasisin Nijeriya, aji A, kuma hanyar a bayyane take: jami'in VIO mai duba ababen hawa ya gwada mutum, a biya kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ɗauki hoto da zanen yatsu. Yawanci ba ɗan koyo ne ke zuwa ba. Tsohon hannu ne, ya shekara goma yana ɗaukar raguna bibbiyu zuwa kasuwa, sai wani aiki ya fito da aka ce sai da lasisi, ko kuwa ya shiga birni 'yan KAROTA masu kula da titi suka tare shi suka tambayi takardu. Tuƙi ba ya ba shi tsoro. Alamomin hanya ne bai taɓa sanin suna da ma'ana ba, ga shi kuma an ce kada ya zo gwaji da babur ba madubi, kada kuma ya zo ba hula. Daren ranar sai a gan shi yana sallama a ƙofar gidan malamin makarantar nan da ya fi kowa yi wa dariya, yana cewa, "Malam, don Allah aron madubi da hular nan taka zuwa gobe da azahar, in da hali har da ɗan littafin."