Zuwa ga Uwar Adashi, daga Kolambus

Hajiya Kaka, amaryata.

Ya ƙarfin jiki, ya ciwon gwiwar? Ki gaida mini tsohon nan abokin takarata, ki ce masa ajiyarki na ba shi, kada ya ga na yi nisa ya ɗauka na sake ki. Wanda zai karanta miki takardar nan kuma ya karanta duka, ban yarda ya tsallake inda na tona miki asiri ba.

Kin aiko a tambaye ni wai me ake koya mana har shekara 4, alhali ke kin iya sayar da mai da ƙuli tun kafin a kai ki ɗaki. To ki gyara zama.

Sunan makarantar Jami'ar Jihar Ohayo, a birnin Kolambus, tun 1870 aka kafa ta. Ɗalibai kimanin 60,000 ne a harabar nan kaɗai, kuma saboda faɗinta motocin bas ke yawo da mu daga wannan aji zuwa wancan. Sashenmu na kasuwanci ana ce masa Fisher, sunan wani attajiri ne, Max Fisher, wanda ya yi karatu a nan, ya yi arziki a harkar man fetur, a 1993 ya ba makarantar dala miliyan 20. Kin ga shi ma mai ya sayar. Ke da kika tsufa kina matsar naki, ko rumfa ba a sa wa sunanki ba, don haka ki ƙara himma.

Da farko kowa sai ya sha lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki da aikin akanta. Daga nan mutum ya zaɓi layinsa: harkar kuɗi, ko neman kasuwa da talla, ko inshora, ko gidaje da filaye. Ni jigilar kaya da ajiyarsu na ɗauka, don tun ina yaro abin yana cina in ga tumatirin Kadawa ya ruɓe a kwando kafin mota ta kai shi Legas. Garin nan kuwa wurin koyon abin ne, har filin jirgin sama gare su, Rickenbacker, wanda yawancin aikinsa ɗaukar kaya ne.

Yanzu ga asirin naki. A darasin harkar kuɗi an koya mana cewa naira ta yau ta fi naira ta baɗi, domin ta yau za ki juya ta ta haihu, ta baɗi kuwa tsadar kaya ta riga ta gutsure ta. Malamin bai rufe baki ba na tuna adashinki. Mata 10 na zubi, wadda ta kwasa a watan farko bashi ta karɓa ba ruwa, ta sayi gyaɗa da kaka tana arha. Wadda ta kwasa a ƙarshe ita ce ta ba kowa bashi, kuma ranar da kuɗinta suka zo mudu ya riga ya tashi. Sai na tambayi kaina, wace ce ke fara kwasa a gidanmu duk shekara? Hajiya, ashe shi ya sa! Na ɗaga hannu na ba su labarinki, wata 'yar Meziko ta ce su ma suna da irinsa, wani ɗan Indiya ma haka. Malamin ya ce in gaishe ki, wai kin ci jarrabawarsa tun ba a haife shi ba.

Amma a ajin akanta faɗuwa za ki yi, ba ruwana da kunya. Dokarsu ta farko ita ce kuɗin sana'a daban, kuɗin gida daban. Ke kuwa cinikin mai da kuɗin cefane da gudunmawar biki duk a haɓar zani ɗaya suke kwana. Doka ta biyu, kowane kwabo sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya shiga, tsarin da wani mutumin Italiya, Luca Pacioli, ya buga a littafi tun 1494. Naki littafin bangon ɗaki ne da gawayi, kowane mai bashi da layin zanensa. Kin tuna shekarar da aka shafe ɗakin da farar ƙasa saboda biki kina unguwa? Rabin maƙwabta sun kwana da murna.

Duk da haka akwai abin da kike da shi da nake nema a nan ruwa a jallo. Bankunansu in za su ba mutum bashi, lamba suke dubawa, daga 300 zuwa 850, wadda kwamfuta ke fitarwa daga tarihin biyansa. Ke kuwa daga yadda yarinya ta yi sallama kin san ko uwarta za ta biya ranar Juma'a ko sai an yi sallah. Wallahi ina alfahari da wannan, kuma burina in haɗa idonki da littafinsu.

Rayuwar ɗalibai kuwa, kusan komai a kan ƙwallo yake juyawa, irin tasu ta hannu da ture-ture. Filin wasan tun 1922 yake, yana ɗaukar sama da mutum 100,000, ranar Asabar kowa ya sa ja. Abokan hamayyarsu Jami'ar Mishigan ce, kuma a makon karawarsu, ƙarshen Nuwamba, ɗalibai kan bi allunan makaranta suna liƙe harafin M da jan salatif don kada ido ya gan shi. Na ce musu to ai mai sashenmu da M sunansa ya fara, kuma a Mishigan ya tara dukiyarsa. Aka ce in ci alewa in yi shiru. Alewar ce ma za ta ba ki haushi: gyaɗa ce aka markaɗa, aka sa sukari, aka mulmula, aka tsoma a cakulan, suna ce mata bokai, sunan ƙwallon wata bishiya da jihar ke taƙama da ita. Tunkuzarki ce ta sa riga, kuma kuɗin ƙwaya 'yan kaɗan sai ya sayi farantin ƙulinki.

Sanyi ya shigo, ƙarfe 5 da 'yan mintoci an yi magariba. Nama ba ya yi mini wuya, Somaliyawa sun yi yawa a garin, a shagunansu nake sayen na akuya. Akwai wani ɗan zangon Kumasi da muke zuwa Juma'a tare, da shi nake sakin baki in yi Hausa. Kada ki wahalar da kowa da kilishi, ba a barin nama ya shigo ƙasar, yaji da kuka sun ishe ni.

Ga aikin da zan ba ki. An raba mu rukuni-rukuni, kowanne ya binciki wata ƙaramar sana'a ya fito da ribarta, ni kuwa na ce taki za mu yi, abokaina sun yarda. Ki sa auta ta sayi littafi mai layi, wata guda cur tana rubuta kuɗin gyaɗa da na niƙa da na itace, da kwalabe nawa aka samu, da ƙuli na nawa aka sayar, da wanda jikoki suka ci ba biya. Duk daren Juma'a ta ɗauki hoton shafin ta turo mini ta WhatsApp. Kada ki ɓoye na haɓar zani, da shi za a lissafa.

Ki sa ni a addu'a, jarrabawa na tafe a Disamba.

Jikanki na Kolambus.