Jinjina ga Gwanin Tsara Tambayoyi

Allah ya ƙara basira ga mai tsara takardar jin ra'ayin ma'aikata! Kafin kowa ya buɗe baki, ya riga ya kasa mutanen ofis gida huɗu. Haihuwar 1946 zuwa 1964 su ne Baby Boomers, 1965 zuwa 1980 Gen X, 1981 zuwa 1996 Millennials, daga 1997 kuma Gen Z, kamar yadda cibiyar Pew ta Amurka ta shata iyakokin. Ai ko makaho ya san wanda aka haifa a Disambar 1996 halinsa daban ne da na wanda aka haifa a Janairun 1997. Sunan Baby Boomers ma ya samo asali ne daga yawan haihuwar da aka yi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma gwaninmu ya liƙa shi a goshin dattijon da aka haifa a Gusau a 1962, ya kuma zauna masa daram.

Sai akwatuna biyar na ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Madalla da wannan tsimi! An tambayi ma'aikaci ko yana alfahari da wurin aikinsa, an kuma hutar da shi daga zancen albashin da ke ƙarewa kafin tsakiyar wata da ƙarin girman da ya maƙale shekara da shekaru. Wa zai so a ɓata farar takarda da irin wannan ƙorafi?

Ga kuma riƙon amana. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a buƙatar suna. Shekaru kawai ake so, da jinsi, da sashe, da tsawon lokacin da aka yi ana aiki. A sashen kuɗi mace ɗaya ce tak ta haura hamsin da biyar, tana da marayu a gabanta, fansho kuma ya kusa. Baiwar Allah ta cika kowane layi da "na yarda ƙwarai", hannunta na rawa, aka tafa wa dattawa saboda biyayya.

Inda gwanintar ta kai maƙura shi ne wajen fassara. Matasa sun ce suna neman wani aikin, sai aka ce halin 'yan zamani ne, ba su da haƙuri. Ba a wahalar da kai wajen tuna cewa dattijon nan ma, yana ɗan ashirin da biyar, ƙafarsa ɗaya a waje take. A 2020 Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka suka fitar da rahoto cewa hujjar kasa ma'aikata ta wannan hanya ba ta da ƙarfi, domin tambayar da aka yi a lokaci guda ba ta iya bambance tasirin shekarun mutum da na zamanin da aka haife shi. A 2023 ita kanta Pew ta ce za ta rage dogaro da waɗannan sunaye. Gwaninmu ko gezau, jarumi ba ya ja da baya don malamai sun yi magana.

Ranka ya daɗe manaja ya karɓi rahoto mai zane kala-kala, ya ga babu inda aka ambaci laifinsa, ya shirya bitar kwana biyu a otal kan yadda ake zama da Gen Z. Yaron da ya roƙi a biya shi kuɗin ƙarin lokacin aiki ya gaji ya ajiye aikin, aka sa tafiyarsa cikin rahoton baɗi a matsayin hujjar cewa binciken ya faɗi gaskiya.