Masu Ziyarar Tsibirin Gore

Mutanenmu na Achilafiya da Babura da Roni waɗanda Allah ya hore wa zuwa Kaulaha ziyarar Shehu Ibrahim Inyass, idan an tashi daga Maulidi an gangara Dakar, ba a rasa mai cewa tunda jirgin komawa sai Litinin, a je a yi Asabar da Lahadi a Gore, tsibirin nan da tsawonsa bai cika kilomita guda ba, wanda babu mota ko ɗaya a cikinsa, kuma tafiyar minti 20 ce a jirgin ruwa. To, tun a cikin jirgin nan ɗabi'ar kowa take fara bayyana.

Wanda ake fara ganewa shi ne jarumin tudu, mai bugun ƙirji a gida cewa ya sha iyo a dam ɗin Kazaure, amma da igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta sauke, sai ya damƙe ƙarfe da hannu biyu, ya shiga wasiyya, har ya yi iƙirari da bashin buhun geron da ya daɗe yana musunsa. Da ƙafarsa ta taka ƙasa ya ce ai raha yake yi.

Kusa da shi akwai malami mai mas'ala, wanda tun ba a sauka ba ya buɗe babin ƙasaru, ya ƙididdige mil 48 da niyyar zaman kwana huɗu, sa'an nan ya koma kan ruwan teku, ko ya halatta a yi alwala da shi. Aka ce, "Allah gafarta Malam, ai malamai sun halatta." Ya ce, "Na'am, amma akwai tafsili." Tafsilin bai ƙare ba ladanin tsohon masallacin dutse na bakin ruwa ya kira la'asar.

Shi kuwa Alhaji ɗan kasuwa, shirun tsibirin ne ya dame shi, domin a ganinsa gari babu abin hawa asara ce bayyananna, kuma da hukuma za ta ba shi izinin shigo da Keke Napep uku, da ya mayar da kuɗin ziyararsa kafin azumi. Yana cikin juya sefa zuwa naira aka shiga Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776, aka nuna musu kurkukun maza daban, na mata daban, na yara daban, da ƙofar nan mai kallon teku wadda wanda aka fitar ta cikinta ba ya dawowa. A nan lissafi ya tsaya masa, kuma ya cancanci ya tsaya, ga mutumin da ya san cewa kasuwar Kurmi ma ta ga irin wannan ciniki. Ya share hawaye da hannun riga, ya fito, ya taya carbi a rabin kuɗinsa.

Ba a rasa Bamaraɗe mai Faransanci, wanda ya naɗa kansa tafinta, yana nuna tsohon ginin makarantar William Ponty inda Hamani Diori ya yi karatu, da alfaharin da za ka ce ajinsu ɗaya.

Na ƙarshensu ba ruwansa da tarihi. An ajiye masa shinkafa da kifi irin ta Senigal, ya cinye tas, ya suɗe, sa'an nan ya dubi jagora ya ce, "Malam, wai yaushe za a kawo tuwon?"