Karatu Daga Nesa, Baƙi Daga Kusa

Sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna sannan na koma makaranta. Wanda ya jawo mini kuwa ɗana ne na aji biyar a sakandare. Wata rana ya kawo mini littafinsa ya nuna mini wata tambaya mai harafin f da x a cikin baka biyu. Na dubi tambayar, na dube shi, na gyara hula, na ce ya tashi ya yi alwala lokacin salla ya ƙarato. A lokacin saura awa ɗaya da rabi a kira la'asar. Yaron bai ce uffan ba, amma kallon da ya yi mini da shi na kwana. Kafin mako ya zagayo na yi rajistar wani kwas na lissafi ta intanet, wanda suke kira share fagen kalkulas. Ba aji, ba benci, ba bulala. Kai da wayarka da datarka, sai malamin da ke magana daga wata uwa duniya.

Kuskurena na farko shi ne faɗa a majalisa. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu ya ce, “Malam, a wace unguwa makarantar take?” Na ce ba ta da unguwa. “To ina ƙofarta?” Na nuna masa waya. Aka yi shiru irin na gidan makoki, sannan wani dattijo ya ce Allah ya sa dai ba 'yan damfara ba ne, aka shafa.

Alhali abin ba sabo ba ne. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, kuma malaman firamare da yawa daga gidajensu suka yi karatunta, da littattafan da ake raba musu. Buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta ƙasa, NOUN, a zamanin Shagari aka kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, daga baya shi da kansa ya shiga ya zama ɗalibinta har ya kammala digirin digirgir a ƙarshen 2017. Nelson Mandela ma yana tsare ya gama digirinsa na lauya a Jami'ar Afirka ta Kudu a 1989. Duk na zayyana wa majalisa wannan don su san ba ni kaɗai ba ne. Sai da na koma gida na lura da abin da ya haɗa mutanen nan biyu, wanda ni ba ni da shi: kowannensu akwai mai gadi a bakin ƙofarsa.

Tawa makarantar ba ta cikin waɗanda na ambata, kuma ba ni da ƙorafi a kanta. Waɗanda suka tsara ta sun yi zaton ɗalibi yana da ɗaki, ɗakin yana da ƙofa, in ya rufe ta ba wanda zai buga. Ba su san mu ba. A wurinmu duk wanda aka gani a gida da rana, ba ya komai. In kuma yana kallon waya, to ya ma fi wanda ba ya komai zaman banza.

Darasin farko a kan abin da ake kira fankishin ne, wato f ɗin nan da ta kunyata ni a gaban ɗana. Da malamin ya yi bayani sai na ga ashe injin niƙa ne. Ka zuba gero ta sama, gari ya fito ta ƙasa. Abin da ka zuba shi ne x, abin da ya fito shi ne f na x, injin kuma shi ne f ɗin. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Euler ne ya fara rubuta ta haka a 1734, kuma da ya zo Kano ya ga layin yara da kwanuka a gidan mai inji da bai sha wahalar bayani ba. Akwai abubuwan da injin ke karɓa, akwai waɗanda ba ya karɓa: ba a zuba masa tsakuwa, kamar yadda ba a raba lamba da sifili. Sai babbar doka, wadda malamin ya maimaita sau uku: abu ɗaya in ya shiga, abu ɗaya tak zai fito. In ka zuba gero yau ka sami gari, gobe ka zuba gero ka sami tattasai, to wannan ba fankishin ba ne, a kira mai gyara.

Nan na fara gane dalilin da ya sa lissafi ke ba mu wuya. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Mun taso ne a cikin rayuwar da ba ta yarda da dokar nan ba ko kusa. Ɗauki yadin shadda guda ɗaya a kasuwa. Ka je da silifa a faɗa maka kuɗi. Ka je gida ka sako babbar riga, kana kaɗa makullin mota a yatsa, ka koma shagon nan, yadin nan, ka ji wani kuɗin daban, da ƙarin “ranka ya daɗe” kyauta. Ka aiki yaro, a ba shi na uku. Ko ka ɗauki kalmar “ina zuwa”. Shiga ɗaya ce, amma abin da ke fita yana iya zama minti biyar, yana iya zama bayan isha'i, yana iya zama sai kun haɗu a wurin sunan wani bayan wata huɗu ya fara yi maka ƙorafin ka ɓuya. Masu lissafi suna da gwajin gane fankishin a zane: a ja layi a tsaye, in ya yanki zanen fiye da sau ɗaya, ya faɗi. In aka ja wannan layi a kan alkawarin telana, sai ya yanke shi kamar ana yanka alayyafo.

Lacca ta uku ita ce ba zan manta da ita ba. Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi, ta Zoom. Na cika waya da caji tun safe don an saba ɗauke wuta da yamma, na sayi data, na shimfiɗa darduma a zaure inda sabis ya fi ƙarfi, na sanar da uwargida cewa ko gobara ce a jira ni awa ɗaya. Malamin ya fara bayanin layi miƙaƙƙe, y daidai take da mx a tara da c. Yana cewa m ita ce gangaren layin, sai na ji sallama. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, daga ƙauye, da buhun gyaɗa a bayan babur. Wa zai ce wa kawunsa yana aji? Na miƙe na karɓi buhu. An zo lafiya, ya hanya, ya mutanen gida, ya Goggo da ƙafa, ya damina, ya aka ji da haƙurin wane, ina gajiya, sannan aka sake komawa kan an zo lafiya don a tabbatar. Wayar tana kan darduma, malami yana ta zuba. Kawu ya leƙa ya ce, “Kai ɗan nan, har yanzu ba ka daina kallon fim ba?” Na ce karatu ne, Kawu. Ya ce, “To madalla, ci gaba abinka, ba zan hana ka ba,” ya gyara zama ya fara ba ni labarin rikicin iyakar gona tun daga zamanin kakanmu.

Abin da ban sani ba shi ne makirufona a buɗe yake. Ɗalibai sama da talatin sun saurari tarihin gonar nan har zuwa inda aka tuge dutsen iyaka. Sai da malamin ya kira sunana sau biyu cikin ladabi sannan na farga. Daga baya wani ɗan ajinmu, Bahaushe daga Kumasi, ya turo mini saƙo yana tambaya wa ya ci shari'ar.

Kuma duk wannan ba shi ya kawo Kawu ba. Bahaushe ba ya faɗin abin da ya kawo shi a zaune. Sai an yi rakiya, an kai bakin titi, ya ɗora ƙafa a kan babur, sannan za ka ji “dama wata 'yar magana ce”. A nan ake buɗe zama na biyu, a tsaye.

Da aka ba mu jinga cewa kowa ya tattara alƙaluma daga rayuwarsa ya gina samfurin lissafi, wato ya zana yadda wani al'amari ke tafiya da lambobi har a iya hasashen gobensa, ban sha wahalar neman batu ba. Na yi mako uku ina rubuta baƙi da mintuna a bayan kalanda. Abin da ya fito: mintunan da ke salwanta daidai suke da 25x a tara da 10, inda x yake yawan baƙi. Goman nan ita ce c, tana tafiya ko ba wanda ya zo, domin kunnena na waje ina jiran sallama. Laccar minti 60 ce. Ka sa 2 a gurbin x ka ga abin da ya rage mini. Malamin ya ba ni maki mai kyau, ya rubuta cewa a ƙara bincike kan hanyar rage x. Bawan Allah. Ya ɗauka x abu ne da ake ragewa.

Daga nan abin ya zame mini ciwo, komai na gani sai na sa shi a inji. Lokacin taro, alal misali, fankishin ne mai rassa. In taron ƙaddamar da littafi ne ko na siyasa, ɗauki lokacin da ke jikin kati ka tara da girman babban baƙo: kansila awa ɗaya, kwamishina biyu, daga nan zuwa sama ka taho da abincin dare. In kuwa ɗaurin aure ne, ɗebe minti biyar. Shi kaɗai ne taron da za ka iso a kan lokaci ka tarar ana watsewa, maroƙi yana sanar da kai an ɗaura, ka bi sahun masu gaisawa kana nuna fuska don a shaida ka zo.

Babin ninkin ba ninki kuwa unguwarmu ce ta koya mini shi kafin malami. Ƙa'idar ita ce abu ya riƙa ninka kansa: 2, 4, 8, 16. Da fari kamar wasa. A zagaye na goma an kai 1,024, a na ashirin 1,048,576. In kowa zai gaya wa mutum biyu kacal, yana farawa da “kada ka gaya wa kowa”, kuma kowane zagaye minti goma ne, cikin awa uku da minti ashirin labari ya wuce mutum miliyan. Wanda ya ga daren wankan gishiri a watan Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, ba ya bukatar a zana masa wannan a allo. Nawa labarin ma haka ya yi, sai dai shi yana ninkuwa yana canza kama. Na faɗa wa mai shayi ina kwas ɗin lissafi. Da ya isa bakin masallaci na zama mai digiri na biyu. Da ya tsallaka titi ina karatu a Ingila ta waya. Da ya kai gidan surukaina Turawa na biyana da dala. Ranar Juma'a mutum uku suka zo taya ni murna, kowanne da 'yar maganarsa ta bakin titi.

Ɗaya daga cikinsu ma ina binsa bashi. Naira 64,000 na ranta masa bara, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa musu ba. Duk sanda na matsa sai ya kawo rabin abin da ya rage: 32,000, sai 16,000, sai 8,000. Bayan biya na bakwai saura 500, ya kawo 250. A littafinmu akwai layin da zane ke ta matsowa kusa da shi har abada ba tare da ya taɓa shi ba, sunansa asimtot. Na nuna masa zanen. Ya yaba ƙwarai, ya ce ilimi daɗi, ya tambaya ko zan iya ƙara masa wani abu a kai a sake farawa daga sama.

Sai masu rabon gado. Tunda an ji ina lissafi, aka fara kawo mini takardun gonaki da shanu. Na ce wannan aikin malamai ne da alƙalai. Aka ce ai lissafi lissafi ne. Abin haushin, ba su yi ƙarya sosai ba, domin littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na tara, wanda daga sunan littafin aka sami kalmar aljabara, wani babban kaso nasa a kan gado da wasiyya yake. Na kuma tuna da Muhammad al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihi sun ce aikin hajji da neman ilimi suka fitar da shi. Ban musa ba. Amma ina da nawa zaton game da yawan sallamar da ake yi a zaurensa.

Da jarrabawa ta matso sai na yi dabara. Ranar Asabar na yi wanka, na sa kaftani mai guga, na rataya jaka, na fito ina ce wa kowa na tafi makaranta. Abin mamaki, mutanen da ba su taɓa barina na yi minti goma ba suka riƙa cewa Allah ya ba da sa'a, har mai shayi ya ce in yi sauri kada in makara. Na hau adaidaita sahu na yi tafiyar kilomita shida zuwa bayan wata firamare da ba kowa ranar Asabar, na sami gindin darbejiya, na shimfiɗa darduma. Sabis cike, iska na kaɗawa. Malami ya fara bitar logaridim, kuma karo na farko na ji jimla ta fara ta ƙare ba a yanke ta ba.

Minti goma sha biyu na samu. Sai na ji babur ya rage gudu, ya tsaya, ya dawo da baya.

“A'a, Malam! Ashe nan kake zaune kai kaɗai? Ai gara da Allah ya kawo ni in taya ka hira.”

Ya kafe babur, ya cire takalmi, ya ce in ɗan matsa.