Zuwa ga Bakano, Sarkin Gudun Filin Sukuwa

Bakano bawana, ina gaisuwa, ko da yake bisa ƙa'ida kai ya kamata ka taso ka zo Zazzau ka durƙusa. Na yafe maka, na san kuɗin mota ne ke yi maka wuyar fitarwa. Bakano ya gwammace ya taka da ƙafa da ya zaro naira daga aljihu, kuma ina kyautata zaton abin da ya jefa ka harkar gudu ke nan tun farko.

Labari ya iso mana cewa yanzu kai ne jagoran masu sassarfar asuba a Filin Sukuwa. An ce ka sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da takalmi ruwan ɗorawa wanda ake hangowa daga kan Dala, teɓar nan da ka tara da gurasa da balangu ma ta ɗan sace. Madalla, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. An ce duk sabon shigan da ya matso ya yi maka tambaya, sai ka dube shi sama da ƙasa, ka waiwayi 'yan kanzaginka, ku tuntsire da dariya. Wani malamin makaranta, mutumin nan wajenmu da aiki ya kai shi garinku, likita ya ce masa jininsa ya hau, ya rage gishiri ya riƙa motsa jiki. Ya tambaye ka ko laifi ne in ya gaji ya ɗan taka a hankali kafin ya ci gaba. Ka ce masa in tafiya ya zo yi, ga hanyar Kasuwar Kurmi can. Bai sake komawa ba.

Na san inda cutar ta samo asali. Tun kuna goye ake cusa muku cewa ko da me mutum ya zo an fi shi, har kuka ɗauka kirarin ya haɗa da wanda ya zo da tambaya. Mu a Zazzau, inda ake tururuwar neman karatu tun kafin a buɗe jami'ar Samaru a 1962, mun daɗe da gane cewa malamin da tambaya ke ba shi haushi, yawanci amsar ce ba shi da ita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na san ka a Kantin Kwari. Mace za ta shigo shagonka ta sa ka sauke atamfa turmi ashirin, ta tambayi ko tana zuba, ta tambayi ko ta Holan ce ko ta Caina, ta taya rabin kuɗi, ta fice ba ta sayi ko ƙyalle ba, kai kuwa kana washe baki kana "Allah ya kawo ki gobe, Hajiya". Har yaro kake aika ya sayo mata ruwan leda. Ashe haƙurin naka ma haja ce, sai da ciniki ake ganinsa. Da masu tambaya a Filin Sukuwa za su riƙa ajiye naira 500 kan kowace tambaya, da tuni ka kama shago a bakin fili ka sa fanka da benci.

To bari in ba ka amsar da ka kasa bayarwa, kyauta, tunda mu ba mu sayar da ilimi. Tafiya a tsakiyar gudu ita ce hanyar da aka shimfiɗa wa mai farawa. A 1996 wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara jadawalin mako 9 don wanda bai taɓa gudu ba, mahaifiyarsa ma tana cikin waɗanda ya yi dominsu. Fita uku a mako, da hutu a tsakani. A makon farko mutum zai yi sassarfar minti ɗaya, ya taka na minti ɗaya da rabi, ya yi ta maimaitawa har minti 20 su cika. Kafin mako na tara ya ƙare zai iya gudun rabin awa bai tsaya ba, wajen kilomita 5 ke nan. Hukumar lafiya ta Ingila ta karɓi wannan tsari tana yaɗa shi ga jama'arta. Dalilin kuwa a jikin ɗan Adam yake. Zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. Wanda ka tunzura ya bi sawunka tun ranar farko, numfashinsa na iya kai shi, ƙwaurinsa da gwiwarsa ne za su biya bashin. In ya dawo yana ɗingishi ya ce ƙwaurinsa na yi masa zafi, sai ka ce ragwanci ne, alhali kai ka jawo masa. Ma'aunin da ya kamata ka ba shi ba ya buƙatar agogonka mai tsada: in ba ya iya hira da na kusa da shi yana gudu, ya yi sauri da yawa, ya sassauta.

An kuma gaya mini hoton Eliud Kipchoge ne a fuskar wayarka. Ka san yadda ya fara kuwa? Wajen 2001, yana ɗan shekara 16, yaro ne mai kai madara kasuwa a kan keke a yankin Nandi na ƙasar Kenya. Ya je ya sami Patrick Sang, mutumin yankinsu wanda ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, ya roƙe shi ya tsara masa yadda zai riƙa atisaye. Sang ya tsara masa. Yaro ya je ya yi, ya dawo ya ce saura me, aka ƙara masa, ya sake dawowa. A 2003 a Faris ya ci zinaren duniya na mita 5,000, ya bar Hicham El Guerrouj da Kenenisa Bekele a baya. Ranar 12 ga Oktoba 2019 a Biyana ya gama gudun famfalaƙi, kilomita 42 da 'yan kai, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Yanzu ka ɗauka kai ne Sang a ranar da yaron ya fara zuwa. Da ka tambaye shi kuɗin takalminsa, ka ce ya koma tallan nononsa, abokanka su yi shewa. To yau hoton wa za ka sa a waya?

Shi kansa mai horarwar da tambaya yake farawa. Colm O'Connell, ɗan mishan daga Ayalan, ya sauka garin Iten a 1976 don koyar da labarin ƙasa a makarantar St Patrick's, bai san komai a harkar gudu ba. A bakin fili ya koya, yana kallo yana tambaya. Shi ne ya horar da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012.

Sai maganar takalmi, inda na ji ka fi ƙwarewa a cin fuska. Yaro ya zo da kambas ɗin gwanjo da ya tsinto a Ƙofar Wambai, ya tambaya ko zai yi masa, ka ce ya bari sai ya yi kuɗi. Abebe Bikila na Habasha ƙafarsa ƙasa ya ci gudun famfalaƙi na Olamfik a Rum a 1960, saboda takalmin da aka ba shi bai zauna masa ba. Ba cewa na yi a tuɓe takalmi a bi titunan Kano ba, inda ƙusa da fasasshiyar kwalba ke jiran mutum a kowace kwana. Amsar da yaron ke buƙata gajeriya ce: takalmin kada ya matse shi, ya bar gurbin babban ɗan yatsa a gaba, ya gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya sa safa. Da ka faɗa masa haka, da bai kai tsawon dariyar da ka yi ba.

Akwai kuma tambayoyin da ko ni da nake wasa da kai ba na wasa da su. Yawancin masu fitowa gudu a garuruwanmu ba kofi suka zo nema ba. Magidanta ne da suka haura arba'in, likita ya tsorata su da hawan jini ko ciwon suga. In irin wannan ya ce maka ƙirjinsa na yi masa nauyi in yana gudu, ko zafin na sauka a hannunsa na hagu, ko jiri na ɗibarsa, amsa ɗaya ce: ya tsaya, ya je asibiti. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya sa Amurkawa da yawa suka fara sassarfa, a kan hanya ya faɗi yana gudu a 1984, yana da shekara 52, ashe hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe. Wanda ya rubuta littafin ke nan, balle wanda agogo kawai ya saya. Mutumin da ka yi wa dariya kan tambayar takalmi ba zai dawo ya gaya maka zancen ƙirji ba, zai danne ya ci gaba da bin ku don kada a ce ya gaza. Nan ne wasanka yake zama ganganci.

Haka mai ciwon suga da ke shan magani, sugansa na iya faɗuwa yana tsakiyar gudu. A ce masa ya shawarci likitansa, ya kuma riƙe dabino a aljihu. Mai tambayar yadda zai yi da azumi, a ce masa ko dai ya fita a hankali dab da shan ruwa, ko ya bari sai bayan asham, kada ya kuskura da tsakar rana. Ka fi ni sanin Kano a watan Afrilu, zafi kan haura 40 a ma'auni. Da hunturu kuwa mai asma ya kula da ƙura da sanyin asuba. Ita ma baiwar Allah da ta tambaya ko za ta iya gudu da hijabinta, ka san surutun da ta tsallake daga gida zuwa unguwa kafin ta iso bakin filin nan? Sai ka ce mata Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain da lulluɓinta ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya a Doha a 2006. Ba ka san wannan ba, na sani, shi ya sa Allah ya haɗa ka da Bazazzage.

Kuma don Allah, wane gudu ka yi da har kake hura hanci? Tun da aka fara gudun famfalaƙi na Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan, a cikin 'yan gida kuwa yaran Filato ne suka saba shiga gaba, waɗanda suka tashi suna hawa da sauka a duwatsun Pankshin da kewaye. Na duba ban ga sunanka ba, ko a layin masu raba ruwa. Mu nan kullum asuba muna ganin kurtun soja na Dafo suna wucewa a guje, ba mu taɓa jin ɗayansu ya naɗa wa kansa sarauta ba. Kai ka zagaya fili sau uku, ka ɗauki hoton agogo, ka wuce wajen mai shayi ka mayar da abin da ka ƙona har da riba.

A Landan, a watan Oktoba na 2004, mutum 13 suka taru a wani lambu mai suna Bushy Park suka yi gudun kilomita 5 ranar Asabar, kyauta. Paul Sinton-Hewitt ne ya haɗa su. Abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu, da sunan parkrun. Cikin tsarinsu akwai wanda aikinsa kawai ya tako a bayan kowa, don kada wani sabon shiga ya zama shi ne na ƙarshe. In tsohuwa ta ɗauki awa guda tana tafiya, yana bayanta har ta gama. Da lissafi ya nuna matsakaicin lokacin gamawarsu yana ƙara tsawo, murna suka yi, don alama ce ta cewa masu nauyin jiki da tsofaffi da masu jin kunya sun fara fitowa. Da kai ne shugabansu, da ka kira taron gaggawa ka ce an yi asara.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke maka, kuma bawa ba ya ɗaukaka ƙara. Daga Asabar mai zuwa kai ne na bayan kowa a Filin Sukuwa. Ka cusa agogon a aljihu. Duk wanda ya tsaya ka tsaya, duk wanda ya taka ka taka, in ya yi tambaya ka amsa, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba a taɓa kai Bakano asibiti don ya faɗi haka ba. Kuɗin sharar da nake binka na watan Cika-ciki kuwa, na bara da na bana, ka sayi ruwa da su ka raba wa sababbin shiga, ka aiko mini da shaida, don ba na karɓar lissafin Bakano da baki.

Ku kuma masu karatu na Kano, ba wuyar gane shi: mai takalmi ruwan ɗorawa ne, yana tafe yana duba hannu. Duk wanda ya gan shi ya tare shi ya yi masa tambaya, ko da ta yadda ake ɗaure igiyar takalmi ce. In ya yi tsaki, ku aiko mini Zariya.