Masu tauna taura biyu

A Ingila, tun 2015, yaro kan kama aiki a kamfani, yana karɓar albashi yana karatun digiri, kuɗin makaranta kuma ba daga aljihunsa yake fita ba. Faransa ma tana da irin wannan tsari. A nan Nijar akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a tsakanin wurin aiki da aji. Amma ɗan Kance da ya samu bak ya hau mota ta Takeita ya sauka Damagaram, shi tsarinsa daban ne: da rana tsaron shagon wani Alhaji a Kasuwar Dole, da dare zaman ajin maketin a makarantar kuɗi, ana neman BTS ko lisans. Ba takardar da aka sa wa hannu. Albashinsa kuɗin abinci ne da "Allah ya yi maka albarka". Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to ga masu gwadawa nan iri-iri.

Akwai Kotila. Laƙabin ya samo shi ne daga Philip Kotler, Ba'amurken da ya fitar da shahararren littafin nan na maketin a 1967, wanda mutumin namu bai taɓa riƙewa ba sai hoton shafi goma da aka buga masa. Ya haddace ginshiƙai huɗun da McCarthy ya jera a 1960, wato kaya, farashi, wuri da talla, kuma ba ya barin kowa ya huta da su. Tsohuwa ta zo sayen Maggi na dala biyar, sai ya tsare ta da tambaya: "Inna, me ya ja hankalinki zuwa shagonmu?" Ta ce, "Ɗana, inuwa." Da ya koma gida hutu lokacin rake, babansa ya sa shi kai kaya kasuwar Matameye, ya ce sai ya fara nazarin kasuwa tukuna. Kafin ya gama cika takardunsa ƴan sari sun loda na maƙwabta sun wuce.

Sai Sarkin Gyangyaɗi, wanda ba shi da laifi ko kaɗan. A aji yana mafarkin shago, a shago yana mafarkin jarrabawa. Littafinsa cike da layukan da suka faro a miƙe suka gangara ƙasa.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne Mai Uzuri Biyu. Wurin ubangidansa: "Alhaji, yau muna da jarrabawa." Wurin malami: "Mushe, patoro ya aike ni Kano ɗauko kaya, an tsare mu a Ɗan Barto." Alhali yana fada, ana ta shayi da karta. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, sun karya ƴan kasuwa da yawa, shi kuwa asararsa ita ce ƙaryar zuwa Kantin Kwari a Kano ta daina shiga. Ranar da Alhaji da Mushe suka haɗu wurin ɗaurin aure, ranar karatunsa da aikinsa suka ƙare tare.

Akwai kuma Ɗan Waya, mai imanin cewa kasuwa ta tashi daga rumfa ta koma WhatsApp da TikTok. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Matsalar ita ce duk masu kallon hotunansa abokansa ne, kuma kowannensu "zan turo maka ta Nita" yake cewa. Littafin bashinsa ya fi na darasi kauri.

Na kusa mantawa da Mai Jiran Ofis, wanda yake auna sukari da yatsa biyu kada rigarsa ta ɓaci, yana gaya wa kowa cewa zamansa a shagon na wucin gadi ne, ƙungiyar agaji za ta kira shi. Shekara ta zagayo, waya ba ta yi ƙara ba.

Amma gwanata ita ce Ɗiyar Talla. Tun tana ƙarama ta ɗauki faranti a tashar Kance, gyaɗa da ƙuliƙuli, tana bin tagogin motoci. Ta san fuskar mai saye da ta mai taya wasa tun daga nesa. Ta san wanda za a yi wa gyara ya dawo gobe, da wanda in an ba shi bashi sai a lahira. Abin da Mushe yake zanawa a allo da Faransanci na awa biyu, ita ta yi shi da ƙafarta cikin rana. Makinta a takarda tsaka-tsaki ne, don rubutun Faransancin yana ba ta wuya. Sai dai jakarta cike take da turare da lalle da kilishi, kuma kafin a tashi daga darasin "yadda ake riƙe abokin ciniki" ta sayar wa rabin aji. Mushen kansa tana binsa jaka uku. Ranar da ya ba ta takwas bisa ashirin, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Mushe, wata ya yi nisa fa."

Ba za a rufe jerin ba a bar Alhajin da kansa. Bai taɓa zama a benci ba, amma yana juya naira zuwa sefa a ka kafin yaron ya buɗe wayarsa. Kullum tambayarsa ɗaya: "Wai me ake koya muku ne da dare?" Idan ciniki ya yi kyau, albarkar iyaye ce, idan ya faɗi, bokon yaron ne. Duk da haka, ranar da ma'aikatan haraji suka zo da takardu, muryarsa takan yi laushi: "Kai, ɗan lakwal, zo ka duba mana."

Idan kana da shago kana neman yaro cikin waɗannan, ɗauki Ɗiyar Talla, ka ba ta Kotila ya riƙa rubuta mata lissafi. Amma ka ƙirga kayanka da kyau, don bayan shekara biyu ita za ta buɗe nata shagon, daura da naka.