Mu da Kaji a Kan Buhu Ɗaya

Duk mai son sanin abin da unguwarmu take ci, ba sai ya leƙa tukunyar kowa ba. Ya zo wajen mai injin niƙa da la'asar, ya dubi robobin da yara suka jera. Masara ce daga farkon layi har ƙarshe, sai dai ɗan bokitin geron mai fura, ko jar dawar wata tsohuwa da ta ce ita tuwon masara ba ya riƙe mata ciki. Mai injin da kansa yake cewa, "Yanzu in na ji ƙamshin gero, sai na ɗaga kai na ga wa ya kawo."

Tuwon dare masara, ɗumamen safe masara. Pate da dambu da tsakinta ake yi. Kokon da muka sani na gero, yau masu sayarwa da yawa sai sun sirka da ita. Da damina ga gasasshiya a bakin titi, ga gugguru a ƙofar makaranta, har kastad ɗin da ake dama wa yara sitacinta ne.

Wani dattijo a majalisarmu, wanda ya yi noma tun da ƙuruciya a ƙasar Funtuwa, ba ya gajiya da tuna mana cewa ba haka aka taso ba. "Ku yara ne," in ji shi. "Masara abar marmari ce a da. Kunya biyu ko uku a jikin danga, inda ake zuba toka da kashin awaki, a gasa a kashe yunwar marka kafin gero ya nuna. Wa zai ba ta gona guda?" Gaskiya ya faɗa. Sai a tsakiyar shekarun 1970, da aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, aka zo da takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri daga cibiyar IITA ta Ibadan. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ita ma ta yi ta fitar da nata irin. Manomi ya ga buhunan da yake kwasa sun fi na dawa nesa ba kusa ba, ga shi tsuntsaye ba sa damun ta kamar gero, don ɓawo ya rufe ta. Mata kuma suka ga tuwo fari tas. Ni ban ga laifin kowa a nan ba. Mai iyali abin da zai cika rumbu yake nema.

Abin da ba mu lura da shi da wuri ba shi ne, ba mu kaɗai muke son ta ba. Wata maƙwabciyarmu mai kiwon kajin ƙwai ce ta fito da maganar fili ranar da ake kukan tsadar kiret. "Yaya, kuna ganin laifina," ta ce, "alhali rabin abincin kajin nan, ko fiye, masara ce. Tiyar da kake saya ta tuwo, ita nake saya musu." Haka ne kuwa. Motocin da suke lodi a Saminaka da Giwa da Dandume da Dawanau, ba duka ne suke nufar tukunya ba. Da yawa kamfanonin abincin kaji na Kudu suke zuwa, kuma mai kamfani da ya zo sayen tirela goma ba ya tsayawa ciniki da mai mudu. A 2020, Babban Bankin Najeriya ya hana ba da dala don shigo da masara a watan Yuli, amma kafin shekara ta ƙare sai da aka ba wasu kamfanoni huɗu izinin shigo da ita, saboda masu kaji sun rasa abin ba su.

Wani ɗan unguwa da yake koyarwa a sakandare ya ce ai namu mai sauƙi ne. A Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa noman masara, kusan kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka na abin da suke girbewa ba mutum ke ci ba, ba dabba ba: tatsar sinadarin itanol ake yi a gauraya da fetur. Doka ce suka kafa a 2005, suka faɗaɗa ta a 2007, har ya zama yawancin fetur ɗin gidajen mansu kashi 10 cikin 100 itanol ne. Dattijon nan ya riƙe haɓa. "Abinci a tankin mota, Malam?" Malamin ya ce ƙwarai, kuma a watan Janairun 2007 dubban mutane sun fito zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar gurasarsu ta masara. Ƙasar da daga can masarar ta samo asali ke nan, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Wannan ya tsaya mini a rai, domin matar da take gasa gurasa a Meziko da matar da take tuƙa tuwo a nan damuwarsu ɗaya ce, kuma ba a tambayi ko ɗayansu ba.

Malamin ya ƙara da cewa har busasshen abincin karnuka da kyanwoyi da suke sayarwa a buhu, da yawa da masara ake haɗa shi. Daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka bayan cin irin wannan abinci, saboda gubar afulatoksin da funfunar masara take haifarwa. A nan hira ta daina zama labarin nesa. Gubar nan ita ce ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004, bayan sun ci masarar da aka adana ba ta bushe ba. Mu kuma mun san yadda muke yi. A karyo masara ruwa bai gama ɗaukewa ba, a shanya a gefen kwalta ko a kan turɓaya, hadari ya taso a tattara da sauri, a ɗura a buhu da sauran danshi. Bayan wata biyu ka zura hannu tsakiyar buhun ka ji ɗumi, ka damƙo tsaba ka ga wasu sun yi kore-kore kamar an barbaɗa musu garin kuka, ga warin ruma. Sai uwargida ta tsince masu kyau a kai niƙa, a watsa wa kaji sauran, ko a zuba wa akuyar da ake tatsa. Dafuwa ba ta kashe gubar nan, kuma hanta take ci a hankali. Wannan ɗabi'a tamu tana ba ni tsoro fiye da tsadar kanta.

Da aka tambayi wani manomi a cikinmu me yake sa su gaggawa, sai ya ce bashi. "Baba, masara ba ta san haƙuri ba. In ba ka ba ta kamfa da yuriya a kan lokaci ba, sai ta yi rawaya ta tsaya. In ruwa ya yi fashin sati biyu tana fitar da kai, shi ke nan. Ga tsutsar nan da ta shigo tun 2016, sai da feshi. Duk da kuɗin mutane muke yi, kuma mai kuɗi ba ya jiran ta bushe." Ya tuna mana yadda buhu ya yi tashin gwauron zabi a 2024, har gwamnati ta janye harajin shigo da masara na kwana 150, sannan a 2025 farashi ya faɗo warwas, taki kuwa yana nan da tsadarsa. Mai saye ya numfasa, mai noma ya ƙirga asara.

Manomin ya ce bana zai raba gonarsa uku: masara, dawa da waken soya. Dattijo ya ce ya ƙara da gero ko kunya goma ce, don shi gero ko damina ta yi gardama ba ya barin mutum hannu rabbana. Mai kaji ta ce in dai farar dawa ce ita ma za ta saya, don ana haɗa abincin kaji da ita. Ni kuwa na roƙe shi ya ajiye mini buhu guda na dawar, in biya tun kafin kaka.